Nababa, Wanda Sauro Ke So

Nababa na Gwashi shekarunsa sittin da uku, manomin gero ne, kuma shekara goma sha tara ke nan ba a raɗa sunan jariri a unguwarsu ba sai yana zaune. Ba malami ba ne, ba wanzami ba ne. Sauro ne ke sonsa.

A wani zaman ta'aziyya da damina aka gano haka. Kowa ya tashi lafiya, shi kaɗai ƙafafunsa suka yi ruɗu-ruɗu. Tun daga ranar, duk mai taro sai ya aika masa. Akan shimfiɗa masa tabarma kusa da randunan ruwa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya miƙe ƙafafu, sauro su bar liman da baƙi su taru a kansa. Ladansa kan ragon suna. Aikin ya kai shi Gummi sau huɗu, Anka sau biyu.

Bara wasu masu bincike daga wata jami'a suka zo ɗibar jini. Basma, ma'aikaciyar lafiyar da ke yi musu tafinta, ta ce idan sauro ya ciji mutum, yawu yake fara zuba masa a cikin fata, jiki kuma ya tashi yaƙi da yawun. Suna so su gane ko wannan yaƙin yana da hannu wajen tsananin zazzaɓin dengi, wanda ke sa gaɓoɓi ciwo kamar an kakkarya su.

Da sakamako ya dawo, Basma ta je har gida.

"Baba, cikin mutum ɗari biyu babu jinin da ya san yawun sauro kamar naka."

Nababa ya gyara hula, ya ce a rubuta masa a takarda, a buga hatimi.

Matarsa Habsu ta ajiye ludayi. "To wanga abu kariya ne ko haɗari?"

"Inna, shi ne ba a sani ba tukuna. Don haka ake binciken."

"Ba ku sani ba, kuka kwashe mai jini?"

A ƙarshen damina zazzaɓi ya kayar da shi, dasashinsa na fitar da jini. Kwanansa tara a asibiti, gwaji ya ce dengi ne. Ranar sallama Basma ta ce kamu na biyu yakan fi na farko muni. Ta ce sauron da ke kawo shi mai zanen fari ne a ƙafa, da rana yake cizo, kuma a ruwan randa yake ƙyanƙyasa.

Habsu ta juya ga mijinta. "Kullum ina ɗaura maka gidan sauro ka kwana, ashe da safe kai ke kai musu kanka har gida." Ta hana shi zuwa taro.

An yi suna uku babu shi. Kawunan raguna uku suka tafi gidan Ɗantani wanzami. Nababa ya daina cin tuwo, ya daina fita bakin masallaci hira, domin ba wanda ke matsa masa ya zauna kamar da. Da Habsu ta ga yana ramewa, sai ta kwance gidan sauronsu, ta ɗinke shi a jikin malafarsa, ya sauko har ƙasa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da hantsi, ya shiga wurin suna a cikin wannan shiga, ya zauna a wurinsa kusa da randuna. Sauro suka taru a jikin ragar kamar yadda suka saba. Da suka rasa ƙofa, suka nufi liman. Liman ya taƙaita addu'a.

Aka fito da kan rago, Ɗantani ya riga Nababa miƙa hannu.

"Aikin mi ka yi yau, Nababa? Dubi wuyan Malam!"

"Tara su ne aikina, kuma sun taru. Inda suka nufa bayan nan, ba ni na aike su ba."

Mai gida ya tsaya da kan rago a hannu, ya rasa wa zai ba. Nababa ya miƙe, ya aika cikin gida aka kawo faifai huɗu. Ya sa aka juye randunan aka wanke, ya rufe bakin kowace da hannunsa. Sannan ya ɗaga gefen ragar, ya karɓi kan ragon, ya sake ta, ya kama hanyar gida.