Nu'uman Izakli, Mai Askin Titin Jami'a

Duk wanda ya taɓa aski a titin jami'a a Wudil ya san Nu'uman, ko da bai san sunansa na yanka ba, don ɗalibai Izakli suke ce masa. Daga Lajawa ya zo yana saurayi. Karatunsa bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba shi hannu mai laushi da kunne mai saurin ɗauka. A bakin masu zuwa aski ya tsinci ɗan Turancin da ya iya, kuma duk na goyon baya ne: "Exactly", "I agree with you", "You have a point". Na musu kuwa, ko guda bai koya ba. Daga "Exactly" ɗin nan ne ma laƙabin Izakli ya samo asali.

Shi a wajensa dabarar sana'a ce. In ɗalibi ya ce ƙungiyarsu ta ƙwallo ce za ta ɗau kofi, Nu'uman ya ce "Exactly". In wani ya hau kujerar ya ce ƙarya ne, shi ma "Exactly". Ai ba ka musu da mutumin da ka riƙe wa kai, in ji shi. Wani abu kuma da bai taɓa gaya wa kowa ba: in ya ce "na yarda" da Hausa, sai ya ji kamar rantsuwa ya yi. In da Turanci ne, ko a jikinsa.

A gidan hayar da yake, ɗakinsa na jikin na Caleb, mutumin Kaltungo, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a jami'a. Zaman lafiya suke yi sosai. Marta, matar Caleb, ita ta raka Mairo matar Nu'uman asibiti a haihuwarta ta fari, kuma 'ya'yansu a kwano ɗaya suke cin abinci.

Da damina ta yi nisa sai katangar bayan gidan ta zube. Saifuddeen, ɗan mai gidan, wanda dama ya daɗe yana son ɗakunan Caleb don ya zuba ɗalibai, ya ce ruwan wankin Marta ne ya cinye gindin katangar. Nu'uman ya san ba haka ba ne. Indararon gidan ne ya karye tun bara, har shi da bakinsa ya gaya wa Saifuddeen yana yi masa aski.

Caleb ya same shi a ƙofar gida. "Maƙwabci, gobe za mu gaban mai unguwa. Kai kaɗai ne shaidata. In laifin nan ya hau kaina, tashina za a yi."

Nu'uman ya bugi ƙirji. "Haba Oga Caleb. I am with you, hundred percent."

Washegari zauren mai unguwa ya cika. Saifuddeen ya yi ta zuba, ya kawo nan ya kai can, sannan ya juyo yana murmushi kamar yadda yake yi a kan kujerar aski. "Ko ba haka ba, Izakli?"

Kafin Nu'uman ya ankara, bakinsa ya riga shi. "Exactly."

Mai unguwa dattijo ne, ba ya jin Turanci. "Me ya ce?"

"Ranka ya daɗe, cewa ya yi haka aka yi," in ji Saifuddeen.

Dattijon ya dubi Nu'uman. "Da gaske ne, ɗana?"

To, nan fa abin kunyar yake. Kalmar farko a ce sabo ne, baki ya zame. Amma ga dama an miƙo masa har hannu. Ya tuna shi ma ɗan haya ne, ya tuna abokan Saifuddeen da ke cika masa shago duk Juma'a, sai ya sunkuyar da kai ya yi gum. Aka ba Caleb wa'adin tashi zuwa ƙarshen wata.

Tun daga ranar abinci ya daina wuce masa. Mairo kuma kullum tana ɗakin Marta tana taya ta ɗaure kaya. Shi kuwa in ya ji motsin Caleb a tsakar gida, sai ya maƙale a ɗaki har ya fita. Kunya ce ta gaske, irin mai hana mutum ɗaga ido.

Ranar tashi, da hantsi, sai ga Caleb a shago. Ya yi sallama, ya zauna a kujera, ya miƙa wuya aka ɗaura masa ƙyalle. Nu'uman ya fara yi masa askin. Ɗaliban da ke jiran layi a benci ma suka bar hirarsu.

Da aka gama, Caleb ya dube shi ta cikin madubi.

"Malam Nu'uman, na yi ta nema maka uzuri ban samu ba. Kai ba mugu ba ne. Matsoraci ne kawai."

Nu'uman ya kwance ƙyallen, ya kakkaɓe shi a hankali.

"Haka ne," ya ce.