Ruwan da Na Hana Bitrus Ya Saka

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na ja taragun taki daga Kafanchan zuwa Jos da tsohon kan jirgi mai kwal ba. Ku da kuka tarar da dizal ku saurara, don ban taɓa ba da labarin nan yadda ya faru ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, da damina. Injinan dizal sun kwanta saboda rashin kayan gyara, manoma kuma suna jiran taki. Sai aka tayar da wani mai kwal da ya daɗe a ajiye, aka ce ni zan tuƙa, tunda mu kaɗan muka rage da muka san hannunsa. Aka haɗa ni da Bitrus, mutumin Kagoro, a matsayin fayaman, wato mai zuba kwal da kula da ruwan tukunya. Mun daɗe muna aiki tare. Mutum ne marar hayaniya, saura wata bakwai ya yi ritaya.

Ga yadda abin yake. Murhun yana ƙarshen tukunya ta wajenmu, kuma dole ruwa ya rufe samansa a kowane lokaci. Akwai ɗan gilashi a gabanmu mai nuna tsayin ruwan. To, in jirgi yana hawa, ruwa yakan taru ta baya, sai gilashi ya nuna a cike alhali ba haka ba ne. Da an kai ƙarshen tudu, ruwan ya gudu gaba, saman murhu ya bushe. Shi ya sa doka ta ce a ƙara ruwa tun ana hawa. Amma ruwan sanyi yana kashe ƙarfin tururi, kuma direba ba abin da ya tsana kamar wannan.

Muna wuce Kagoro yayyafi ya sauko. Kaya sun yi nauyi, ƙafafun jirgin suka fara sulɓi, ina sakar musu yashi suna kamawa da ƙyar. Tafiyarmu ta koma kamar ta mai ɗauke da itace. In muka tsaya a hawan nan, sai an raba taragu biyu, a rubuta rahoto. Ni kuwa, gaskiya, ba rahoton ne ya dame ni ba. Yaran dizal sun yi mini dariya da safe, sun ce sai an zo an jawo ni da akwalata. Na rantse a raina ba za su ga wannan ba.

Bitrus ya kai hannu zai buɗe ruwa. Na ce, “Kada ka taɓa!”

Ya ce, “Oga, gilas ɗin nan ƙarya yana yi mana fa. Ruwa ya sauka.”

“Na sani. Bari mu haye tukuna.”

Can an jima ya sake cewa, “Malam Sani, domin Allah, ko ƙarami in saka.”

Na daka masa tsawa, na ce ni ne direba. Ya dube ni, ya ɗauki shebur ɗinsa.

Mun haye kuwa. Har na fara murmushi, sai na ga ruwan gilashi ya ɓace ɗungum. A saman murhu akwai toshiya ta dalma, wadda takan narke in wurin ya bushe, don tururi ya kashe wuta kafin tukunya ta fashe. Ta narke daidai lokacin da Bitrus ya buɗe ƙofar murhu zai zuba kwal. Tururi da garwashi suka feso masa a fuska. Ihu ɗaya ya yi, “Yesu!”, ya faɗi. Na danna birki. Da wata motar citta da muka tare a hanya aka kai shi asibiti. Idonsa na hagu bai ƙara gani ba.

Bayan wata biyu kwamitin bincike ya zauna. A ƙa’ida ruwa alhakin fayaman ne, sai fa in direba ne ya hana shi. Shugaban ya tambaye ni, “Ya nemi ya ƙara ruwa a hawan?”

Na ce, “Ban ji ba, ranka ya daɗe. Ƙarar inji ta yi yawa.”

Bitrus yana zaune a gefena da bandeji. Aka juya gare shi. Sai ya ce, “Laifina ne, Oga. Na yarda da gilas.” Aka sallame shi daga aiki saura wata biyar ya gama lafiya. Ni kuma aka yaba mini da na tsayar da jirgi da wuri.

Sai da na shekara kafin na iya zuwa gidansa. Na tarar da shi a gindin mangwaro yana ɓarar gyaɗa. Ya sa matarsa ta kawo mini kunu. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

“Malam Sani, ido ne ya ƙone, kunne bai ƙone ba. Na ji abin da ka gaya musu. Na duba, in na faɗa, gida biyu za su kwana da yunwa. Sha kununka.”

Na kasa sha.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, wanda ke ƙasa da kai yakan ga haɗari kafin kai, kuma shi yake fara ƙonewa. Daga ranar, duk wanda ya ce mini a tsaya, ko lebura ne, nakan tsaya. Kun san ni da wannan, har kuna yaba mini. Abin da ba ku sani ba shi ne, Bitrus ya yi shekara shida a raye bayan haka, ofis kuma yana nan a buɗe kullum, ban taɓa shiga na ce na ji shi ba.