Fensirin da Ya Faɗa Cikin Fiyano

Ni direba ne, kuma a shekarun da na yi a Riyad na ɗauki mutane iri-iri, amma mutum ɗaya kaɗai na taɓa zama na ƙulla wa sharri da gangan, ina cikin hankalina. Wani tsohon Bature ne, makaɗin fiyano.

Kamfanin da ke riƙe da iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, shi ya sami kwangilar jigilar baƙi a wata gasar kiɗan fiyano da aka shirya a wani babban zaure a arewacin gari. Samari da 'yan mata suka zo daga ƙasashe da dama, kowa ya hau ya kaɗa, alƙalai su ba da maki. Mutum biyu aka ba ni cikin alƙalan: shugabarsu, wata dattijuwa marar son magana, da wannan tsohon. Kullum in baro ɗakinmu a Al-Shifa da sassafe, in kai shugabar tukuna don ita takan riga kowa, sannan in dawo otal in ɗauke shi.

Tsohon akwai surutu. Yakan zauna a baya ta dama, yana taunar gindin fensir, yana ba ni tarihinsa ba tare da na tambaya ba. Ya ce gasa irin wannan ce ta fito da shi yana saurayi, daga nan ya yi shekara arba'in da wani abu yana yawon duniya, manyan zauruka suna cika dominsa. Yanzu yatsun sun fara ƙagewa, masu gayyata sun ja baya, alƙalanci ne ya rage masa: wannan watan yana wata ƙasa, wata mai zuwa yana wata, ya zauna da fensir yana yanke wa 'ya'yan mutane hukunci. Ya ce a sana'arsu, ranar da aka daina kiran ka teburin alƙalai to an binne ka da ranka. Ni dai nawa shi ne in ce "to" in ci gaba da tuƙi, da yamma kuma in tsince guntayen fensiran da ya tauna ya watsar mini a kujera.

A zauren akwai wani dattijo mutumin Damagaram, kafinta, da muke kira Baba. Shi ya haɗa dandamalin, shi ke tura fiyanon ya saita shi, shi ke goge shi kafin a hau. Kullum da guntun fensir a bayan kunnensa, irin na kafintoci. Da yake ni Bakano ne, tun ranar farko muka fara wasa. In na shigo sai ya ce, "Ga bawana ya zo, Bakano, ɗauko mini guduma." Ni kuma in ce, "Baba, ka fara nemo haƙoranka tukuna," don gaban bakinsa duka giɓi ne. Tare muke cin shinkafarmu a bayan zaure. Ba ya jin Turanci ko kaɗan, Larabcinsa ma na aiki ne kawai.

Ranar buɗe gasa, tsohon Baturen aka ba dama ya kaɗa wa manyan baƙi don girmamawa. Ina tsaye a bakin ƙofar gefe. Yana fara bugawa da ƙarfi sai wani abu ya soma kar-kar-kar a cikin fiyanon, kamar tsakuwa a gwangwani. Ni da ban san komai a kiɗan ba na ji. Mutane suka fara kallon juna. Shi kuwa ko a jikinsa, idonsa a lumshe, ya kaɗa har ƙarshe ya miƙe yana murmushi. Sai da ya sauko aka gaya masa. Da aka buɗe murfin sai ga fensir a ciki.

Nan fa ya birkice. Ya ce a kira masa wanda ke taɓa fiyanon. Mudir, wato manajan zauren, ya sa aka kawo Baba, aka ce ni in yi tafinta. Baturen yana nuna bayan kunnen Baba yana ihu, ya ce an wulaƙanta shi a gaban duniya, ya ce jahili irin wannan bai kamata ya kusanci kayan kiɗa ba. Ban fassara wannan ba. Na ce wa Baba kawai wai an tsinci fensir a ciki.

Baba ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwansa, ya ce, "To, Bakano, ka ce masa ya yi haƙuri."

Duk Bahaushe ya san abin da yake nufi. In ka ga mutum ya yi tuntuɓe a hanya ma kana iya ba shi haƙuri, ba don kai ka ajiye dutsen ba. Babba yana faɗa, ka ba shi haƙuri ya huce, daga baya a yi maganar gaskiya. Amma ni, da guntun Turancina da rawar jikin son a gama, na buɗe baki na ce, "Ya ce sori."

Mudir ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya amsa laifinsa." Kafin la'asar an kira kamfanin su Baba. Washegari aka ce an buga masa huruj, fitar da ba dawowa, zai bar ƙasar ranar da za a rufe gasa. Kwana tara ke nan suka rage masa, shi da ya shekara goma sha a garin, da iyali a gida suna kallon hannunsa. Baki shi ke yanka wuya, kuma bakina ne ya yanka nasa.

Bayan kwana biyu na shiga ofishin mudir karɓar takardar jigila, sai na hango fensirin a kan teburinsa cikin 'yar leda. Dogo ne, kore, gindinsa duk shaidar haƙori, irin waɗanda nake tsincewa a motata. Na ce, "Ya mudir, dubi wannan. Baba da ba shi da haƙori, da me zai tauna?" Na yi masa bayani cewa haƙurinmu daban, sori daban. Ya dube ni ya ce ai ni na faɗa da bakina, in kuma ina so a ce ƙarya na yi wa baƙo, to in faɗa a sarari ya kira kafil ɗina, mai kamfanin da nake ƙarƙashinsa. Na ja bakina na fita, ina jin kunyar kaina.

Daga ranar na daina ce wa tsohon "to". Na koma kallon sa ta madubi, ina neman inda zan kama. Kuma ban daɗe ba na samu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda duk zaure ya ji ƙarar nan ban da shi. Sai na fara gwaji. Na ƙi ɗaura bel, motar tana ta ƙara tun daga otal har rabin hanya, bai ce uffan ba, alhali shugabar ko daƙiƙa biyu ba ta iya jurewa. Na yi masa tambaya ina kallon titi, shiru. Na juyo na maimaita yana kallon bakina, ya amsa. A zaure na laɓe ina lura da teburin alƙalai: ba ya rubutu sai ya saci kallon na kusa da shi ya ga ya fara. Ashe kunnen hagu ya mutu, na dama ma sai an ɗaga murya. Ashe surutun nan duk don kada a sami sararin yi masa tambaya ne. Kurma ne yake alƙalancin kiɗa, jama'a!

Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Bakano, rufa masa asiri, tsufa ne." Na ce, "Baba, shi ya rufa maka?" Ban ji tausayinsa ba ko ƙanƙani. Ya san fensirinsa ne, ya gan shi da idonsa lokacin da aka ciro, ya zaɓi ya ɗora wa wanda ba zai iya kare kansa ba. So nake in taɓa shi a inda ya ce in an taɓa an binne shi, kuma ina sa ran in gaskiya ta fito a soke huruj ɗin Baba.

Saura kwana biyu a rufe gasa, aka gayyaci alƙalai cin abincin rana, na ɗauko su biyun tare. Shugabar tana bayana, shi yana damanta, kunnen hagunsa yana wajenta. Na ƙara sanyin mota don iskar ta yi ƙara. Muna tsaye a danja na yi bisimilla, na yi magana da muryar da kowa zai ji, ban juya ba.

"Madam, fensirin nan nasa ne, ba na kafinta ba. Kuma ba ya ji. Yanzu haka bai san ina magana ba."

Ta ce mini kada in kuskura. Na buɗe aljihun mota na miƙa mata guntaye huɗu da na tara, na ce ta gwada da kanta. Ta daɗe tana kallon su. Can ta kira sunansa a hankali. Yana kallon gine-gine ta taga. Ta sake kira, ta ɗan ɗaga murya, ta tambaye shi wace yarinya ce ta fi burge shi jiya. Shiru. Sai da ya ji kamar ana kallon sa ya juyo, ya yi mata murmushin nan nasa ya ce, "Gari mai kyau, ko ba haka ba?"

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji, daɗi har tafin ƙafata. Har muka isa ba wanda ya sake magana sai shi.

Washegari kujerarsa ba kowa. Aka sanar cewa ba ya jin daɗin jikinsa, likita ya ce ya huta. Ni kuwa na tari shugabar a bakin mota na ce, "Madam, kafintan fa?" Ta ce ta yi magana da mudir da masu gasar. Ta ce in aka yarda fensirin tsohon ne, za a tambayi yadda aka yi bai ji ba, in aka tambayi wannan kuma, duk yaran da aka fitar a zagaye biyu za su ce kurma ne ya kayar da su, gasar ta rushe ke nan. Ta ce shi dai ba zai sake zama a teburin da take ba, kuma maganar za ta isa inda ya kamata, amma a takarda abin da aka rubuta shi zai zauna. An bar kaza cikin gashinta, Baba ne dai mai laifin.

Rana ɗaya tsohon da Baba suka bar garin. Da hantsi na kai tsohon filin jirgi. Ya rame a kwana biyun nan, bai yi surutu ba, bai tauna komai ba. Da na sauke masa akwati ya riƙe hannuna ya ce ni mutumin kirki ne. Na dube shi a ido don ya karanta bakina, na ce masa da Hausa Allah ya isa, ya gyaɗa kai yana godiya.

Daga nan na wuce Al-Jaradiya, ɗakin su Baba, don na nemi izini in kai shi filin jirgi da kaina. Na tarar ya ɗaure kayansa a buhu, ya bar wa abokan ɗaki zarto da guduma. Na zauna na ba shi labari tun daga danja har filin jirgi, ina yi ina dariya, ina jira shi ma ya yi. Na ce, "Baba, na rama maka. Ba zai sake alƙalanci ba har ya mutu."

Ya daɗe yana ɗaure bakin buhun. Sannan ya ɗago ya ce, "To madalla, Bakano. Mu uku muka tsaya a gaban mudir ranar nan. Biyu sun rasa abincinsu, kai kaɗai ka yi saura."

Na ɗauki buhun na kai masa mota.