Gurabe Uku a Littafin Ƙanƙara

A bakin Baba na fara jin sunan Gunvor, ina 'yar shekara shida, shi kuma yana faɗa da rediyo. Duk sanda mai karanta labarai ya ce bincike ya nuna kaza, sai Baba ya dire kofin gahawarsa ya ce, "Mutum nawa kuka tambaya? Kun ci sa'a Gunvor ba ta ji ku ba." Na daɗe ina zaton wata shugabar gidan rediyo ce. Sai daga baya na gane yayarsa ce, mai koyar da ilimin ƙididdiga a jami'a, can birnin Umeå.

Shekara talatin da huɗu Gwaggo Gunvor ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya. Ba ta zama farfesa ba, ba ta kuma nema ba. Gajeriya ce kakkaura, a keke take zuwa aiki ko da dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Kowace shekara da abu ɗaya take buɗe karatu: littafin mahaifinsu, Kaka Sixten, ɗan fito a kogin ƙauyenmu. Daga 1949 zuwa 1991 ya riƙa rubuta ranar da ƙanƙarar da ke rufe kogin lokacin sanyi ta fashe, don sai ta fashe jirginsa ke komawa ruwa. Gwaggo takan kwafe ranakun a allo da hannunta, ta ce wa ɗalibai, "Ga kogi nan. Ku yi masa tambaya."

A shekararta ta ƙarshe idanunta suka fara gazawa. Littafin ma ya taɓa shan ruwa, tawadar sai dushewa take. Ni ce mai ajiye hotuna da wasiƙun gidanmu, don haka ni ta kira.

"Tuva, zo ki sa min shi a kwamfuta tun ana iya ganinsa. Nan da 'yan shekaru naki ne kaɗai zai rage."

Kwana biyu na yi a ɗakin girkinta ina aikin. Sai na tarar da shekaru uku, 1958 da 1959 da 1966, Kaka ya rubuta shekarar amma bai sa rana ba. Gurbin ya tsaya min a rai. Na ga bai dace a kai aikin kakana gaban 'yan jami'a da ramuka ba, su ɗauka malalaci ne. Na sa kwamfuta ta fitar min da matsakaicin sauran shekarun, ta ba ni 11 ga Mayu, na cike duka ukun da shi. Ban gaya mata ba. A ganina gyara na yi.

Ranar laccar farko ta tafi da ni, na zauna can baya. Ɗalibai sun kusa ɗari biyu. Aka haska jadawalin a bango, ta tsaya ta ba shi baya, tunda ko ta juya ba gani za ta yi ba.

"Tambayar farko. Shekara nawa ne babu rana?"

Ɗalibai suka shiga ƙirgawa. Can wani dogo mai jar hula, Torkel, ya ce, "Babu ko ɗaya, Gunvor. Ko dai tabarau ne ke son canji?"

"Tabarau lafiyarsa ƙalau. Sake ƙirgawa, tunda yau ka samu ka tashi da wuri."

Aka yi dariya. Ya sake ƙirgawa, ya ce arba'in da uku cif. Na dubi Gwaggo. Ita kuwa ko gezau. Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta.

"To madalla. Wani ya yi mana kirki, ya saka ƙarya uku a cikin gaskiya arba'in. Minti ashirin na ba ku, ku nemo min su. Wanda ya samo, burodin kirfa na wuyana."

Ɗakin ya kaure da surutu. Ba a yi minti goma sha biyar ba wata yarinya mai suna Ylva ta ɗaga hannu. Ta ce ta fitar da matsakaici, kuma shekaru uku sun faɗa kansa daidai, ba gaba ba baya, alhali a sauran babu ko ɗaya da ta yi haka.

"Yauwa," in ji Gwaggo. "Kogi ba shi da irin wannan ladabin."

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce ni ce na cike. Kowa ya waiwayo.

"'Yar ƙanena ce," ta ce musu. "Ku dube ta da kyau. Abin da ta yi, rabinku za ku yi shi a wurin aiki, ba kuma za ku miƙe ba. Zauna, Tuva. Torkel, goge min ukun nan."

Bayan an tashi muka zauna shan gahawa, na kasa ɗaga kai. Ta turo min rabin burodinta. Ta ce a 58 da 59 Kaka yana asibitin masu tarin fuka, ita tana goye, kakarmu ce ta riƙe gidan ita kaɗai da ɗinki. Ban taɓa jin wannan ba, Baba ma ashe bai sani ba. Saura kaɗan in binne shi a ƙarƙashin 11 ga Mayu.

"Ta 66 fa?" na ce.

"Ban sani ba. Na tambaye shi sau biyu, sai ya kama zancen jirgi." Ta laluba ta kamo hannuna. "Na san wata rana za ki rubuta mu duka, har da ni. Abu ɗaya nake roƙonki. Inda ba ki sani ba, ki bar min gurbin yadda kika same shi."