Rubutun Kan Fiffiken Shuɗiyar Mota

Tsafta ce ta ja mini. Da ni ƙazama ce da babu abin da zai faru, shi ya sa har yau idan na ji ana yabon mace da cewa ba ta iya ganin datti ta wuce, sai in ce Allah ya kyauta.

A shekarata ta biyu a New York na samu aikin kula da wani tsoho Bature a can ƙarshen Staten Island, bas biyu daga Park Hill inda nake zaune. In yi masa wanka, in ba shi magani, in dafa masa abincinsa marar gishiri marar yaji. Matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya tana New Jersey, tana zuwa ranar Lahadi ta buɗe firji da durowa tana dube-dube kamar mai neman ɓera. Takarduna na zama a ƙasar kuwa suna hannun lauya, kuma ya ja mini kunne cewa kada in yarda sunana ya shiga littafin 'yan sanda ko a kan mene ne.

Tsohon ya ware ɗaki guda don motoci. Ba na hawa ba, ƙanana na ƙarfe, wasu tsawon tafin hannu, wasu kamar ɗan yatsa, duk an ƙera su da siffar motocin tsere na gaske. Akwai masu kama da motar gida, jikinsu cike da lamba da tambari. Akwai wasu masu ban dariya, tayoyin baya ƙatti, ga wani faffaɗan fiffike a kan rufi kamar an ɗora musu faranti. Ya ce waɗannan a kan ƙasa suke tsere, ba a kwalta ba. Abin da ya dame ni shi ne kusan dukansu suna cikin kwalayensu, an jibge su kan juna, sun koɗe, sun sha ƙura. A garinmu mace mai kaya jere take yi, ta fito da kwalla da tangaran ta goge kowa ya gani. Wa ya taɓa ganin an jera kwali?

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗan taɓa shi aka kwantar da shi asibiti, 'yar ta ce in ci gaba da zuwa ina gyara gidan kafin ya dawo. Sai na ce bari in burge bawan Allahn nan. Kwana biyu na yi ina yage kwalaye, ina goge motoci ɗaya bayan ɗaya, na jera su a kan kanta, ja da ja, rawaya da rawaya. Kwalayen na tattake su, na ɗaure, na fitar bakin titi. Wata shuɗiya mai fiffike, ita ba ta cikin kwali, tana cikin ɗan akwatin gilashi, amma an yi mata wani jagwalgwalen baƙin rubutu a kan fiffiken. Na ce aikin jikoki ne. Sabulu ya ƙi fitar da shi, na ɗauko maganin goge farce, ya fita tas. Har hoto na ɗauka don in yi fariya.

Wadda muke haya tare, 'yar Zangon Kumasi ce da ta riga ni zuwa da shekara goma, ita na nuna wa hoton muna cin tuwo. Ta ajiye lomar da ta ɗauka, ta tambaye ni ina kwalayen. Na ce na zubar.

Ta ce da Hausarsu ta Zango, "Kai, sister, ka ɓata wa mutane dukiya. Abin nan collection ne, in ka buɗe box, ya mutu."

Ta bayyana mini cewa masu tara irin motocin nan kwalin ne rabin darajar abin, wani sai ya shekara talatin bai buɗe ba. Na ba ta labarin rubutun da na goge, ta ce wataƙila sa hannun direban ne. Ta ce ta san wata da aka kira wa 'yan sanda a kan cokali ɗaya da ya ɓace.

Tuwon nan ban ƙara ko loma ba. Washegari da bas na farko na tafi, ina addu'ar in tarar da ɗaurin kwalayen a inda na bar shi, amma motar shara ta riga ni. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, har da ranar da na tsaya gaban jami'in shige da fice a filin jirgin sama na JFK. Kwana uku duk jiniyar da ta wuce sai in leƙa taga in ga ko ni aka zo kamawa. Na yi tunanin in gudu wurin wata 'yar'uwa da ke sayar da turare a Fordham Road, sai na tuna kamfanin da ya tura ni aikin yana da hotona da adireshina. Na yi tunanin in faɗa wa 'yar tun kafin ta gani, na ɗauki waya sau ba adadi ina ajiyewa. Salla ma sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Ranar Juma'a da hantsi 'yar ta kawo shi a keken guragu. Ƙofar ɗakin motocin a buɗe take, don rufewar ba ta da amfani. Ta leƙa, ta tsaya cak, fuskarta ta yi ja har wuya. Ta tambayi wanda ya yi wannan aikin, wayarta a hannu. Tsohon ya daɗe yana kallon kantar, sannan ya kalle ni. Maganarsa ta zama da nauyi tun ciwon, amma mun ji shi sarai.

"Ni na sa ta. Ina so in gan su."

'Yar ta yi ta faɗa, ta ce ya zubar da abin da ya tara tun tana yarinya, ta buga ƙofa ta tafi. Ni kuwa na shiga banɗaki na yi kuka, ina gode wa Allah.

Da na fito ya ce in miƙo masa shuɗiyar. Ya juya ta da hannunsa mai lafiya, ya shafa fiffiken da babban yatsa. Ya ce da siffar motar ƙaninsa aka ƙera ta, lambarsa ce a jiki, ya yi tsere a filayen Pennsylvania kafin hatsari ya kashe shi a ɗaya daga cikinsu. Rubutun nan ƙanin ne ya yi da hannunsa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce in tashi in haɗa masa shayi. Kwana ukun da na yi ina tsoro, kaina kawai na tuna, ko sau ɗaya ban tambayi kaina rubutun wane ne ba.

Na ƙara shekara ɗaya da rabi a gidan. A cikin watannin ƙarshe mantuwa ta kama shi, yakan kira ni da sunan matarsa. Wata Lahadi 'yar tana nan, ina shigowa da tire, sai ya ɗauki shuɗiyar motar, ya duba fiffiken, ya tambaya wa ya goge rubutun ƙaninsa. 'Yar ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba.

Ta ce, "Kai ka sa aka goge, Baba. Da bakinka ka faɗa."

Ya ce, "Ni? Me ya yi mini da zan yi masa haka?"

Sai ya fara kuka, kukan tsoho marar sauti, yana rungume da motar a ƙirji, yana neman gafarar ƙaninsa. Kalma biyu ce kawai, "ni ce," za ta sauke masa wannan nauyin, kuma tana bakina. Saura wata biyu a kira ni ganawa a kan takarduna. Na ajiye shayin a gabansa, na goge masa fuska da tawul, na koma kicin.