Yaya, Kin Ce a Maƙogwaro Yake

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran yayata, malamar aji ɗaya, tana da shekara arba'in da tara. Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Na rufe kantin maganina kwana bakwai, yau na buɗe, na zauna a bayan kanta ina rubuta wannan, domin akwai maganar da na kasa faɗa a zaman makoki.

Yaya, shekara ashirin da huɗu kina koyar da yara 'yan shekara shida, kuma duk wanda ya bi ta bayan katangar makarantar ya san muryarki. A aljihun teburinki akwai allura da zare, saboda ba kya iya ganin yaro da tsinkakken maɓalli ki kyale shi. Kina ɗinki kina yi masa faɗa, yana kuka yana cin biskit ɗin da kika ba shi. Ni ma haka kika raine ni bayan rasuwar Inna. Ranar da na buɗe kantin nan, ke kika zo da tsintsiya da gwangwanin fenti, kika rubuta sunayen magunguna a jikin kowace kanta da wannan rubutun naki na kan allo, wai nawa kamar tafiyar kaza.

Bara ciwon huhu ya kwantar da ke. Aka sa miki bututun numfashi ta baki har cikin maƙogwaro, inji yana hura miki iska, kwana goma sha uku. Bututun nan shi ya riƙe ranki, ba na musun haka. Da aka cire shi kika buɗe ido, abin da kika fara tambaya da dusasshiyar murya shi ne wa yake riƙe miki aji. Muka yi dariya har da hawaye, muka ɗauka an wuce wurin.

Bayan sati biyar numfashinki ya fara yin fito. In kin hau matakalar bene sai an ji ki daga falo. Ummi, 'yarki, ta ce Mama ta haɗiye usur ɗin makaranta, ke ma kika taya ta dariya. Da abin ya ƙi ƙarewa, ba ki koma asibiti ba, wurina kika zo. Duk dangi haka suke yi, gida mai ɗan kemis ba ya bin layin ganin likita. Na saurara, na ce asma ce, na miƙo miki inhela, abin shaƙar nan na masu asma.

Da kika dawo karɓar ta uku, kika ɗora yatsa a ramin wuyanki.

"Auta, ba fa a ƙirji nake jin abin nan ba. A nan yake, kamar an ɗaure ni da zare."

Na ce, "Haba Yaya, ki bar ni da aikina mana. Ke da alli, ni da magani."

Kika yi murmushi kika ce, "To likita bokan Turai, na ji." Kika sa a jaka kika tafi. Wannan amsa tawa ita ce abin da ya fi ci mini rai a duniya.

Wata huɗu muna haka. Kika daina rera wa yara baƙaƙe, kika koma nunawa da sanda. Ranar da mura ta kama ki, kika zube a gaban allo leɓɓanki sun yi baƙi, yaran suka fita a guje suna ihu. A asibiti aka ɗauki hoton wuya. Likitan ya kira mu, ni da mijinki Baban Ummi, ya ce inda bututun ya daɗe yana danne naman maƙogwaro ya yi rauni, da raunin ya warke sai ya bar tabo, tabon kuma ya yi ta tsukewa har hanyar iska ta koma kamar bututun biro. Ya ce abu ne da kan faru, kuma ana gyara shi in an zo da wuri. Sai ya tambaya wa ya ce asma ce. Baban Ummi ya sunkuyar da kai don ya rufa mini asiri. Na ce ni ne.

Aka sa tiyata ranar Laraba. Ba ki kai ba. Majina kaɗan ta toshe 'yar hanyar da ta rage, suka yi iya ƙoƙarinsu, wa'adi ya cika.

Mutane suna ta ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma kin nuna mini wurin da yatsanki, girman kai ya hana ni ji. Jiya Ummi ta kawo mini wata leda da ta tsinta a aljihun teburinki, kusa da allura da zare. Inhela bakwai ne a ciki, duk kin shaƙe su tas. Ashe ba ki taɓa tsallake ko sau ɗaya ba, saboda ƙaninki ne ya ce.

Ya Allah Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, Ka saka mata da Aljanna Firdausi saboda kowane yaro da ta koya wa karatu. Ina miƙa ta'aziyya ga Baban Ummi, da Ummi da ƙannenta biyu, da malaman makarantarta, da 'yan aji ɗaya da har yanzu suke tambayar yaushe Malama za ta dawo. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ni kuma, Yaya, ban samu na roƙe ki gafara ba, don na bari sai kin fito daga tiyata. Allah Ya isar miki da roƙona. Amin.