Ƙuli-ƙulin da Raƙumi Ya Ratsa

Jiya maƙwabciyata ta ɗora tuyar ƙuli-ƙuli, ƙamshin ya tsallako katanga, sai na tuna garinmu can kusa da Waca, zamanin Nasara, ina 'yar yarinya.

Wata shekara fara ta cinye gero. Abin da ya rage mana irin gyaɗa ne, buhu ɗaya, Baba ya ɓoye a rumbu. In ya ƙare, ba shuka. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas aka ce a ɓare shi. Manya suna sharar gona, sai aikin ya faɗo kanmu, mu huɗu, cikinmu ba komai sai kunun dusa. Ku duba fa, ga yunwa, ga gyaɗa a hannu.

Kakarmu ta zaunar da mu gindin gawo da hantsi, ta ajiye ƙwarya a tsakiya. Ba ta ce kada mu ci ba. Cewa ta yi, "Ni dai a kasuwar Sassumbrum na ga ƙuli-ƙuli guda, raƙumi ya ratsa ta tsakiyarsa da kayansa, ko gogawa bai yi ba."

Na ce, "Kai Kaka, ƙarya ce!"

Ta ce, "To uwar masu gaskiya, ke me kika gani?"

Sai na ce na ga ƙosai, a tafki aka soya shi, da itacen giginya ake juyawa. Ƙanwata ta ce tata wainar sai da tsani ake hawa a zuba mata zuma. Hannu na ɓara, baki na zuba. Da wani ya yi shiru, Kaka ta juyo kansa da tambaya.

Can wana ya yi tsit, kumatunsa ya tasa. Na tsorata, na san bulalar Baba. Kaka ko kallon kumatun ba ta yi ba. Ta ce, "Maigidana, ƙosan nan jakai nawa suka jawo shi gida?" Ya daure, ya daure, ya buɗe baki zai ce ɗari, sai ƙwayar gyaɗa ta faɗo ƙasa. Ta ɗauka, ta goge da bakin zanenta, ta duba. "Bai fasa ta ba, za ta tsiro." Ta jefa cikin ƙwarya, ta ce a ci gaba, an tsaya a jakai.

Kwana uku muna wannan ƙaryar, irin ya isa gona. Sai da na haifi nawa na gane cewa bakin da ke magana ba ya tauna, kuma tsohuwar nan ita ma da yunwarta take zaune.

Yanzu inji ke ɓara, a barbaɗa wa iri jan magani, a gaya wa yara guba ce. Iri yana tsira, ban musa ba. Amma ba wanda yake dariya.